Kwamfutar Baba Haladu Tela

Ku da kuke zuwa ƙofar shagona da yamma kuna cika mini benci, kowa da waya a hannu, kuna cewa wai gyaran kwamfuta yanzu ba wani abu ba ne, mutum ya kalli bidiyo biyu ya zama injiniya, to, na ji ku. Ban ce ƙarya kuke yi ba. Bidiyo zai nuna maka inda za ka sa sukurdireba. Amma ni dai ban taɓa ganin bidiyon da ya ji warin ƙuna ba, balle wanda ya hau mota ya tafi Babura cikin zafin bazara don ya ga inda kwamfuta take kwana. Ku gyara zama, yau sai kun ji labarin Baba Haladu tela, ko kuna so ko ba kwa so.

Ni da rediyo na fara, ba da kwamfuta ba. Maigidana Malam Garba mai rediyo ne, Allah ya jiƙansa, rumfarsa tana bakin kasuwar nan ta Kazaure. Mutum ne mai faɗa kamar ya ari baki. Na daɗe a wurinsa ban taɓa rediyon kowa ba, aikina shara da hura gawayi, domin a lokacin a wuta muke gasa ƙarfen liƙi, ba irin naku ba da ake jona wa lantarki. In aka kawo rediyo ba ya yarda a kwance ta nan take. Sai ya kai ta hanci ya shaƙa, ya kai ta kunne ya girgiza, sannan ya kunna ya ɗora bayan yatsa a kan kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda ya fi 'yan'uwansa zafi. In na yi gaggawa sai ya doke mini hannu ya ce, "Kai, Isyaku, kaya ba ya ƙarya. Mai kaya ne yake mantuwa." Kuma ba ya zubar da komai. Rediyon da ta mutu murus sai ya cire mata kayan ciki ya zuba a gwangwanin madara. A lokacin ina ganin rowa ce kawai ta tsofaffi.

Da shagunan buga takardu da na intanet suka fara buɗewa a garin nan, sai na koma kwamfuta da hancina da kunnena da bayan yatsana. An yi shekarun alheri, alhamdu lillahi. Daga Roni a kira ni, daga Gwiwa a kira ni, wani lokaci ko abincin rana a tsaye nake ci. Sai waya ta zo ta kwashe kasuwar. Abin da mutum yake zuwa shago ya yi, yanzu yana kwance a kan tabarma yake yinsa. Shagunan suka rufe ɗaya bayan ɗaya, masu su suka riƙa jibge mini matattun kwamfutoci a bayan shago suna cewa, "Malam Isyaku, ko za ka samu abin tsinta." Akwai shekarar da nakan wuni ba wanda ya yi mini sallama sai mai rake. A shekarar har na yi magana da wani a kan ya sayi kayan aikina, in koma gonarmu ta Roni in huta da abin kunya.

A cikin bazarar wannan shekarar ne, wata safiya duwatsun garin nan sun riga sun fara tururi, keke-napep ya tsaya a ƙofata. Wani dattijo ya sauko yana lalube da sanda, bayansa wata mata ta rungumo wani abu a cikin bargo kamar mai jego. Dattijon ya yi sallama, na ba shi kujera, muka gaisa har da tambayar mutanen gida. Ya ce sunansa Haladu, tela ne a Babura, wannan kuma 'yarsa ce Hajara, ita ce take riƙe masa kwamfuta.

Hajara ta kwance bargon. Kwamfuta ce irin ta da, mai akwati fari, wadda ko kyauta aka ba ku ba za ku ɗauka ba. Amma tsaf take, ko ɗigon datti babu a jikinta.

Na ce, "Baba, wannan ai sa'ar kakata ce. Me za a yi da ita?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam Isyaku, ni mai aikin hannu ne tun ina saurayi. Aska biyu, aska takwas, babu wanda ban zauna na yi da allura ba. Mutanen Nijar har gida suke biyo ni. To ido ya ƙi. Yanzu ko zare ba na iya zurawa. Tun da idon ya fara raguwa na sayi tsohon injin surfani mai aiki da kwamfuta, Hajara ta kwashe zanena duka ta zuba a wannan akwati. Ni nake zaɓar yadi, ni nake ɗaure shi a jikin injin, ni nake shafawa in ji ko aiki ya yi. In akwatin nan ya mutu, ni ma na tashi daga tela, sai zaman zaure."

Na tambaya ko ba za a sa wata kwamfutar ba. Hajara ta girgiza kai. Ta ce injin tsoho ne, ta wata faffaɗar kafar jona waya yake jin magana, irin wadda sababbin kwamfutoci ba su da ita, kuma manhajar da take tafiyar da injin an ɗaure ta da wannan akwati, wanda ya ɗaura ta kuwa ya daɗe da barin ƙasar. Ga kuma rigar wani ango daga tsallaken iyaka tana ɗaure a injin, allura ta tsaya a tsakiyar aiki.

"To me ya same ta?"

Hajara ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, ni na taɓa ta."

Wallahi nan take ta burge ni, domin a sana'ar nan da wuya ka ji mai kaya ya faɗi haka. Kullum "haka kawai ta mutu" ne. Ta ce kwamfutar ta koma tafiyar hawainiya, zane ɗaya sai ta yi ta jira, ga aiki ya taru. Sai ta ga bidiyo, irin naku ɗin nan, yadda ake shiga cikin saitin farko na kwamfuta, wanda muke ce wa bayos, a ƙara wa furosesa gudu. Ta ƙara kaɗan, ta ga kamar an samu sauƙi. Ta ƙara kuma, ta daɗa masa wuta kamar yadda mai bidiyon ya ce. Ana cikin aikin rigar ango allo ya ɗauke. Tun daga nan in an kunna sai fanka ta yi ta juyawa, allo baƙi ƙirin.

Ga wanda bai sani ba a cikinku, furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɗan abu ne da bai wuce faɗin akwatin ashana ba. Masu ƙera shi sun yanka masa gudun da zai iya. Kana iya matsa masa ya wuce haka, kuma in yaro ne mai jini a jika, ga iska, ga wuta mai kyau, yakan jure. Amma wannan tsoho ne. Kamar ka ɗora wa tsohon jaki buhu biyu ne, sannan ka ce ya yi sukuwa da tsakar rana.

Baba Haladu ya ce, "Garin neman gira ne, Malam. Amma kar ka yi mata faɗa, don ni ta yi."

Na ce babu faɗa, su ba ni wuri.

Na zare wayar wuta, na buɗe murfi, na kai hanci. Akwai ɗan wari, amma ba irin na furosesan da ya ƙone ba, wannan wari ne mai tsami-tsami. Na duba gefen gidan furosesa, sai ga 'yan kondensa, 'yan gwangwanayen nan masu tace wuta, sun kumbura kamar ƙosai, ɗaya har ta yi dalala. Na ciro ɗan batir ɗin nan mai kama da kwabo, wanda yake riƙe wa bayos tunaninsa, na haɗa ƙafafun sharewa don ya manta duk abin da Hajara ta gaya masa. Sannan na cire ram gaba ɗaya, wato 'yan sandunan da furosesa yake ajiye aikin da yake kai a cikinsu, na kunna. Ku riƙe wannan, don bidiyo ba kasafai yake faɗa ba: in furosesa yana da sauran rai, zai nemi ram, in ya rasa sai ya yi kuka ta ɗan lasifikan ciki. In ya mutu kuwa, shiru za ka ji.

Muka yi tsit mu uku. Fanka na juyawa. Sai muka ji ɗiiit, ɗiiit, ɗiiit.

Baba Haladu ya zabura, "Lafiya? Mene ne wannan?"

Na ce, "Baba, kukan jariri ne. Yana da rai."

Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi!" Ni ma na faɗa, kuma har cikin zuciyata, don ban san da wane baki zan sallami dattijon nan ba in da shiru muka ji.

Saura kondensa. Irin girmansu ba a samunsu a garin nan, sai an je Kano, kuma a can ma sai an dace. Sai na zagaya bayan shago, wurin tarin matattun kwamfutocin da nake ƙorafi a kansu kullum. A cikinsu na tsinci masu lafiya, na gwada su da mita, na narke tsofaffin na liƙa waɗannan. Ina liƙi ina yi wa Malam Garba addu'a, shi da gwangwanayen madararsa. Ashe masu rufe shaguna magani suka ajiye mini ban sani ba. Na ɗaga ƙarfen sanyaya da ke kan furosesa, na tarar man da ake shafa masa ya bushe ya zama kamar yumɓu. Na goge shi a hankali, na ɗiga sabo kamar ƙwayar dawa. Kada in ga wani a cikinku ya lafta shi kamar mai shafa wa burodi bota.

Na mayar da ram, na kunna, allo ya kawo. Hajara ta rufe baki da mayafi.

Amma tashi daban, tafiya daban. Da na ba shi aiki mai nauyi a kan gudunsa na asali, sai ya riƙa sandarewa. Wutar da aka ɗura masa ta riga ta ci shi, ba zai koma saurayi ba. Sai na shiga bayos na rage masa gudu ƙasa da yadda aka yi shi, na tsayar masa da wuta wuri ɗaya don kada ta riƙa hawa da sauka. In rage kaɗan, in gwada, in ya faɗi in sake ragewa. Aikin ba wuya gare shi ba, haƙuri yake ci. A nan kuma Hajara ta fitar da ni, domin sharewar da na yi ta tafi har da saitin kafar da injin surfani yake jin magana ta cikinta, ni kuwa ban taɓa aiki da irin injin ba. Ta leƙo ta ce, "Kawu, ba wannan ba, na ƙasansa. Haka yake a da." Da ka ta riƙe shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, da ba ta nan da sai mu yi ta lalube.

Na riƙe kwamfutar a shagona tana aiki daga safe zuwa magariba, ba ta ko yi tari ba. Da suka dawo ɗauka, Hajara ta buɗe zane ta ce, "Ikon Allah! Ka ce ka rage mata gudu, amma ta fi yadda take a Babura sauri." Na ce sabon mai ne. Na tambaye su ko akwai iska a shagon, Baba ya ce ga taga ga fanka. Na ce a lallaɓa ta, tsohuwa ce. Suka naɗe ta a bargo suka tafi.

Ba a jima ba waya ta yi ƙara. Hajara ce, murya a sanyaye. Da safe lafiya lau, amma da an yi azahar sai ta ɗauke. Suka sake kawo ta, na kunna ta a nan, ta wuni garau kamar tana yi mini gwalo. Suka mayar, ta sake mutuwa bayan azahar. Rigar ango kuwa kullum a ɗan matsa, a tsaya. Sai Baba Haladu ya karɓi wayar da kansa ya ce, "Malam Isyaku, ka yi iya yinka, Allah ya saka. Wataƙila lokaci ne ya yi. Zan kwance rigar mutane in kai wa wani tela ya ƙarasa."

Raina ya ɓaci, ba da shi ba, da abin da ban gane ba. Na ce, "Baba, don girman Allah kada ka kwance. Gobe ina tafe." Maganar Malam Garba ce take yi mini yawo a ka. Kaya ba ya ƙarya. In tana lafiya a Kazaure tana ciwo a Babura, to ciwon yana Babura.

Na isa da hantsi, motar ta cika da 'yan kasuwar hatsi, gumi har cikin takalmi. Shagon yana nan yadda suka faɗa, ga taga, ga fanka tana juyawa, ga injin surfani da farar shadda ɗaure a jikinsa, rabin aska ya fito rabi babu. Na gwada wutar shagon da mita, lafiya. Na ga allo a kan tebur. Na duba ƙasa, na duba gefe, ban ga farin akwatin ba.

"Ina kwamfutar take?"

Baba Haladu ya yi murmushi ya nuna da sanda. "Ga ta nan kusa da kai."

Jama'a! Abin da na ɗauka matashin kujera ne ashe ita ce. Riga aka ɗinka mata. Karan-miski ruwan goro, an yi masa shafi da soso a ciki, an sa zif a baya, ya kama ta cif kamar an auna amarya. Ba a bar ko'ina ba sai 'yar ƙofar maɓalli da ramin wayoyi. A gaban kuwa surfani ne na hannu, zare ruwan zinariya, irin aikin da yanzu ko da kuɗinka ba ka samu. Na zura hannu ta ƙarƙashi, na fizge shi da sauri. Ko tandar waina albarka.

Na ce, "Baba, tun yaushe take sanye da wannan?"

Ya ce, "Tun bayan damina. Ka ga shagon tela, gashin zare ko'ina, ga ƙura. Kuma abin da yake ciyar da kai ai ba ka barinsa tsirara. In za mu kawo maka ne muke tuɓe mata don kada ta yi datti a mota." Ya kai hannu ya shafa surfanin. "Wannan shi ne aikin hannuna na ƙarshe. Ina gama shi ido ya rufe."

Hajara ta dafe ƙirji. "Bayan damina? Wayyo, Baba, ai tun lokacin ta fara nauyi!"

Shi ke nan, zance ya fito. Furosesa in zafi ya dame shi da kansa yake rage gudu don ya tsira. Rigar ta toshe masa iska, ya koma tafiyar hawainiya, Hajara ta ga yana jan ƙafa ta ƙara masa bulala. Babu wanda ya yi don mugunta. Uba ya rufe ta don ƙauna, 'ya ta matsa mata don tausayin uba.

Sai dai faɗar ta yi mini nauyi. Yaya za ka dubi dattijo ka ce aikin hannunsa na ƙarshe shi yake kashe masa sana'a? Na durƙusa kusa da kujerarsa na ce, "Baba, ka gafarce ni. Ɗinkin nan ban taɓa ganin irinsa ba. Amma ita wannan ta haƙarƙari take numfashi, da ta baya. Rigar ta kama ta da yawa."

Ya sake kai hannu ya shafa rigar. Can ya ce, "Hajara, miƙo mini almakashi."

"Baba, bari in zuge zif ɗin kawai mu ajiye ta."

"Na ce miƙo mini almakashi."

Ta miƙa masa. Ya lalubi ɗinkin gefe da yatsa, ya sa bakin almakashi, ya farke shi tun daga sama har ƙasa. Ya juya ɗaya gefen ya yi haka. Ya cire bayan gaba ɗaya, ya zare soson ya jefar. Bai kauce wa layin ɗinki ba ko da faɗin zare. Abin da ya rage sai gaban mai surfani da ɗan abin da ya rataya a kafaɗa, gefe da gefe a buɗe. Ya daidaita shi a kanta ya ja baya.

Ya ce, "Ni ne da laifi, tela guda. Kaftani mai shafi na bar ta da shi a bazara. Ashe babbar riga take so."

Muka yi dariya har Hajara tana share ido. Na buɗe akwatin na busa shi, na ɗaga shi a kan bulo biyu, na matsar da shi daga bango. Muka kunna. Injin ya ɗauka, kat-kat-kat-kat, allura tana bin zanen Baba. Aka kira azahar, muka je muka dawo, yana yi. Rana ta take, kwanon shagon yana ƙara don zafi, ni dai bayan yatsana yana kan akwatin, ɗumi kawai nake ji irin na jikin mai lafiya. Ana kiran la'asar injin ya yi tsit don kansa, aiki ya ƙare. Baba Haladu ya tashi ba sanda, ya shimfiɗa tafin hannu a kan shaddar, ya bi askar nan tun daga wuya har aljihu. Ya ce, "Ya yi." 

Ban sayar da kayan aikina ba. Baba Haladu bakinsa ya fi gidan rediyo, duk wanda ya zo karɓar ɗinki sai ya ji labarin mai gyaran Kazaure. Masu tsofaffin injinan buga kati, masu yankan sitika, masu ɗakin hoto, daga Yankwashi, daga Gwiwa, har daga tsallaken iyaka, duk wanda abincinsa yake rataye a wuyan tsohuwar kwamfuta sai ya nemo ni. Da su nake ci har yau, na gode wa Allah, na gode wa Malam Garba da ya doke mini hannu, na gode wa dattijon da ya yarda ya sa almakashi a aikinsa.

Ya ci gaba da zuwa shago kullum, yana ɗaure yadi yana shafa aiki, har Allah ya karɓi abinsa. Ranar da aka yi mini waya, cewa aka yi Haladu tela ya rasu. Ba wanda ya ce tsohon tela.

Hajara ce take riƙe da shagon yanzu. Duk farkon bazara takan kira ni in je in sake wa tsohuwar mai, kuma har yau da babbar rigarta nake tarar da ita. Wannan rigar da kuke gani a jikina ranar Juma'a kuna cewa Malam ya sha kwalliya, daga injin nan ta fito, ita ce ta biyo bayan ta ango. Baba Haladu ne ya kawo mini ita da kansa har nan, ya sa ni na saka a gabansa, ya shafa kafaɗuna ya ji ko ta zauna. Sannan ya ɗaga gefen ya ce, "Ka ga, na bar maka wurin shan iska."